Shirun Kwana Bakwai

Litinin, 3 ga wata

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da amaryarka da har yau ban sa ta a ido ba. Na ji an ce ta yi nauyi, Allah Ya sauke ta lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwata ta hagu da ke tuna mini shekaruna duk lokacin da na hau tsani. Baban yara yana gaishe ka. Idan ka manta ni, ni ce jikar ƙanwar kakanka, mai tsaron siton magani a ƙaramin asibiti, wadda ka jiƙa wa baya ranar da aka ba ta goyonka. Adireshin imel ɗinka a wurin Gwaggo mahaifiyarka na samo.

Na san shekara huɗu ban neme ka ba, yau kuma na zo da buƙata. Ka ajiye gorin sai daga baya, yanzu hankalina a tashe yake.

Kwamfutar sitonmu tana aiki da manhajar nan ta kula da magani, wadda Gwaggo ta ce kana cikin masu gyara ta don Allah. Tana nuna magani da ja idan wa'adinsa ya ƙare, da kore idan da saura. Wasu katan-katan ba a rubuta musu rana, sai wata da shekara kawai. Duk wanda ya yi aikin nan ya san irin wannan maganin yana da kyau har ƙarshen watan. Ita kuwa manhajar, ranar ɗaya ga wata take mayar da shi ja. Shekara biyu ina kallo ana kwashe magani mai kyau ana kai wa wuta, ga mata a layi a bakin taga ina ce musu babu.

Wata huɗu da suka wuce na gaji. Mutumin da ya saka mana ita ya taɓa nuna mini fayil ɗin da ƙa'idojinta suke. Na buɗe, na bi layi-layi da yatsa har na ga inda aka rubuta farkon wata, na mayar da shi ƙarshen wata. Layi ɗaya tak. Ban gaya wa kowa ba, kuma nan ne wautata.

Makon jiya mai duba asibitoci ya zo. Ya ga irin katan ɗin da ya baro ja a wani asibiti, a nawa kore ne. Ko zama bai yi ba, ya rubuta cewa na murɗe kwamfuta don in ɓoye lalataccen magani in riƙa bai wa jama'a. Auta, shekara goma sha tara ina aikin nan, ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa nema an rasa ba. An mayar da layin yadda yake, an karɓe makullin sito, an zaunar da ni a benci a baranda. Kwamiti zai zauna a kaina ranar Alhamis, 20 ga wata. Na nuna masa jikin katan, na nuna masa littafin aiki, ya ce na'ura ba ta ƙarya, mutane ke yi. Shugabar asibiti ta ja ni gefe ta ce abu ɗaya ne zai fitar da ni, masu manhajar su faɗa da bakinsu cewa kuskuren nasu ne.

Na yi ƙoƙarin rubuto muku. Na je shagon kwamfuta na bakin titinmu, aka ce sai na yi rajista a zauren wasiƙunku na intanet. Rajistar kuma ta ce sai wani ɗan zauren ya tsaya mini. Na aika haka nan, cikin minti ɗaya wasiƙar ta dawo mini. Sau uku ina aikawa tana dawowa.

Ka nuna mini ta inda ake shiga gidan nan naku. Ba korar ce ta fi damuna ba, a ce na bai wa 'ya'yan mutane guba shi ne ba zan iya ɗauka ba.

Yayarka mai magani

Laraba, 5 ga wata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin ganin wasiƙarki, na kuma ji ba daɗi da abin da ke ciki. Mu lafiya lau. Ƙanwarki, amaryar tawa, tana gaishe ki, ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce saura wata biyu. Ki gaida Baban yara, ki kuma rage hawa tsani. Zancen goyo kuwa, shekara talatin da uku ke nan kina ba da labarin nan, kuma duk shekara ruwan ƙaruwa yake yi.

Na buɗe manhajar na duba. Gaskiyarki ce ɗari bisa ɗari. Layin yana nan yadda kika faɗa, kuma gyaran da kika yi shi ne daidai. Mu biyar ne masu kula da ita, dukkanmu da takardun makaranta, ba wanda ya taɓa riƙe katan ɗin magani a hannunsa. Kunya ta kama ni sosai.

Da zan iya tura gyaran da kaina yau ɗin nan, amma ƙa'idarmu ta hana mutum sa baki a aikin ɗan'uwansa. Kuma mai duban nan, idan ya ji ɗan'uwanki ne ya wanke ki, zai ce wankin gida ne. Gara ya fito da sunanki, wasu su karɓa.

Ga labari mai daɗi. Wata takwas ina jayayya da babbanmu, wanda muke kira Dattijo, shi ya fara rubuta manhajar. Shi ya kafa rajistar nan da ta kore ki. Tsoronsa masu talla da masu wucewa, waɗanda za su jefo rabin aiki su ɓace a bar mu da shara. Ni kuma na ce masu wucewar nan su ne ke zaune gaban manhajar daga safe har yamma, su suka san inda take ɗingishi. Da ƙyar ya yarda a yi gwaji na wata ɗaya: kowa ya aiko wasiƙa, ba rajista, ba mai tsaya masa. Shekaranjiya Litinin aka fara. Ke za ki zama hujjata ta farko.

Ki sake aikawa a adireshin nan da ya dawo miki da ita. Ki taƙaita. Ki faɗi abin da kika gani, da layin, da abin da kika canza. Kada ki yi doguwar gaisuwa, mutanen can ba su saba ba. Kada ki kawo zancen kwamiti, don duk abin da aka rubuta a zauren duniya na iya karantawa. Ni ba za ki ji bakina a can ba, ko kalma ɗaya. Sauran ki bar musu.

Ki kwantar da hankalinki, akwai lokaci.

Autanku

Lahadi, 9 ga wata

Auta,

Bayan gaisuwa, ya jikin ƙanwata? Ka riƙa sa mata matashi a ƙarƙashin ƙafa, kada ka zauna kana danne-danne tana fama. Mu nan muna nan, abinci ne dai ba ya shiga.

Ranar Alhamis na aika yadda ka ce. Layi shida, ba sallama, ba tambayar iyali. Ina rubutawa ina jin kamar na kutsa gidan mutane da takalmi. Wannan karon ba ta dawo ba, na gan ta a jerin wasiƙu da sunana a gefe, har na ce wa mai shagon ta zo ta gani.

Yau kwana uku. Kullum daga asibiti shagon nake wucewa. Kwamfuta uku ce a ciki, ta tsakiya ce kaɗai ba ta daskarewa, mai shagon har ta fara ajiye mini ita. Ina buɗewa, ina ganin wasiƙata a inda na bar ta, ba kowa a ƙarƙashinta. Kada ka ce ba mutane, akwai su. Wani ya aiko bayana, cikin minti ashirin aka amsa masa, aka ce gyaransa zai ɓata wani abu. Wasu biyu sun yi wasiƙa goma sha huɗu suna musu a kan girman rubutun da ke saman allo. Na ƙirga. Ni kuwa ko a ce mun gani, ba wanda ya ce. Da zagi suka yi mini, da na san an karanta.

Ko na yi wani kuskure ne a rubutun? Ko sun gane daga yadda na tsara maganar cewa ba ta cikinsu ba ce? Ka leƙa ka gaya mini, ba na ce ka sa baki ba.

Zaman baranda ya ishe ni. Masu zuwa karɓar magani suna tsayawa su gaishe ni su ce, Mama, yau a waje? In ce iska nake sha. Shekaranjiya wata mata da na sani tun tana goyon fari ta zo da kwalbar maganin tari da na ba ta watan jiya. Ta ajiye a kan bencin kusa da ni, ta juya. Na duba kwalbar, saura wata bakwai wa'adinta ya cika. Na sa ta a jaka na kawo gida, ban san dalili ba.

Saura kwana goma sha ɗaya. Ina sauraronka.

Yayarka

Laraba, 12 ga wata

Auta,

Ina fatan lafiya ce ta sa na ji ka shiru. Na kira lambar da Gwaggo ta ba ni sau biyu, a kashe. Idan aiki ne ya yi maka yawa, Allah Ya taimaka.

Na janye. Yau kwana shida ke nan, na ce ba zan ci gaba da tsayuwa a tsakar gidan mutane suna gittawa ta gabana kamar ba su gan ni ba. Da girmana. Ga abin da na rubuta musu: “Ku yi haƙuri da damun ku da na yi. Na ga alamar abin da na kawo bai kai a duba ba. Na janye shi.”

Ka san abin da ya faru? Ban ko tashi daga kujera ba, minti arba'in, Dattijon nan naku ya amsa. Ya ce, “An janye bisa buƙatar mai shi. An rufe.” Ashe suna da baki. Ashe suna gani. Rakiya ce kawai suke da saurin yi.

Na sake karanta wasiƙarka, inda ka ce ba zan ji bakinka ba ko kalma ɗaya. A lokacin na ɗauka ƙa'ida ce. Yanzu ina tunanin ko ba ka son abokan aikinka su san kana da 'yar'uwa mai zaman benci, wadda ake tuhuma. Idan haka ne, da ka faɗa mini kai tsaye, ni ba yarinya ba ce. Ka kuma ce ni ce hujjarka. Ni ban zo in zama hujjar kowa ba, tawa hujjar na zo nema.

Zan je gaban kwamiti da katan ɗina da littafina, abin da Allah Ya yi shi ne daidai. Baban yara ya ce kada in aiko maka wannan da zafina, na ce sai na aika.

Ka gaida ƙanwata, ita ba ta yi mini komai ba.

Yaya

Juma'a, 14 ga wata

Yaya,

Ki yafe mini tun kafin ki karanta. Washegarin ranar da na rubuto miki naƙuda ta taso wa ƙanwarki, wata biyu kafin lokaci. An samu 'ya mace, ƙarama ƙwarai, tana cikin kwalbar jarirai. Uwar ta zubar da jini amma ta farfaɗo. Kwana takwas ina tsakanin ɗakin jarirai da ɗakin mata, wayata a kashe a aljihu. Yau na dawo gida in yi wanka, na buɗe imel, na ga wasiƙunki biyu.

Yaya, ba su ƙi ki ba. Karɓa suke yi. A zaurenmu, idan aka kawo ƙaramin gyara, ana ba shi kwana bakwai. Wanda ya ga aibu shi ke magana. Idan kwana bakwai suka cika ba wanda ya ce komai, an yarda ke nan, sai a shigar da shi. Mutumin da kika ga an amsa wa cikin minti ashirin, ƙin nasa aka yi. Naki kuwa na duba, mutum uku sun gwada shi, har ɗaya ta sa shi a jerin waɗanda za a shigar ranar Alhamis da safe. Kin janye ranar Laraba. Kwana ɗaya ya rage.

Laifina ne, ba naki ba. Shekara tara ina cikin wannan al'ada har na daina ganin ta baƙon abu ce. An rubuta ta, amma a lamba ta ashirin da uku cikin wata doguwar takarda da ba mai karantawa. Na yi wata takwas ina faɗan a buɗe ƙofa, ban taɓa tunanin a ajiye wanda zai ce sannu da zuwa ba. Zancen kunya kuwa, wallahi ban taɓa jin kunyar a san ke 'yar'uwata ce ba. Wannan maganar ta yi mini ciwo, amma na san ni na jawo.

Ga inda muke. Idan kika sake aikawa gobe, kwana bakwai za su fara daga farko, su cika Asabar 22, kwamiti kuma Alhamis 20. Jira ba zai fitar da ke ba. Akwai hanya ta biyu: idan uku daga cikin masu kula suka rubuta a fili cewa sun yarda, gyara yana shiga nan take. Ni ba na ciki, wani kuma yana hutu ba a samun sa. Saura uku cif, kuma Dattijo na cikinsu. Ba sa yin haka sai sun san dalilin gaggawa. Wato sai kin faɗi abin da na ce ki ɓoye, tuhumar da kwamitin da komai, a wurin da ba a goge rubutu, inda duk wanda ya nemi sunanki nan da shekara goma zai gani.

Ban faɗa musu ba, don sirrinki ne, ba nawa ba. Kuma ba zan ɓoye miki ba, Dattijo ya riga ya rubuta cewa abin da yake gudu ke nan, mai wucewa ya jefo aiki ya janye, yana so a mayar da rajista. Kada ki yi don wannan. Faɗana ne, ni zan ji da shi. Ki duba abin da ya fi miki.

Yanzu wayata a kunne take. Ki yi wa jaririyar addu'a.

Autanku mai laifi

Asabar, 15 ga wata

Auta,

Barka, barka. Allah Ya raya ta, Ya fito da ita daga kwalba da ƙarfinta, Ya ba uwar lafiya. Na ga irinsu da yawa a asibitinmu, waɗanda aka haifa ba su fi tafin hannu biyu ba, yanzu su ke tsere a baranda ana kora. Ka ci abinci, na san halinka. Maganar da na faɗa maka ta kunya na janye ta, ita kam janyewar da ta dace.

Amma ba zan fasa faɗa ba, wannan al'ada taku ba ta mutane ba ce. Na karanta wasiƙarka a shagon, sai na ji dariya ta kama ni, daga nan kuma hawaye, har mai shagon ta kashe fanka ta zo ta zauna kusa da ni. Kwana shida ina cin raina, ashe yabo ake yi mini. Wa zai sani? Ku biyar kun san junanku, kun san abin da shirunku yake nufi. Wanda ya shigo daga waje da tsoro a cikinsa, abin da ya zo da shi kawai zai ji a cikin shirun.

Na yi shawara da Baban yara. Na ce sunana zai zauna a duniya tare da kalmar tuhuma har bayan raina. Ya ce ai sunan yana nan a baranda kowa na takawa, gara ya zauna inda gaskiyar take kusa da shi. Ba ya yawan magana, amma jiya ya yi.

Na sake aikawa yau da hantsi. Wannan karon da sallamata na fara, na tambayi lafiyarsu da ta iyalansu, wanda bai saba ba ya saba. Na ba su haƙurin janyewar. Na faɗi shekaruna a aiki, da maganin da aka ƙona, da abin da mai duba ya rubuta, da ranar kwamiti. Na faɗi cewa kai ɗan'uwana ne, don kada wani ya tono daga baya. Na rufe da cewa, “Ban san al'adarku ba, yanzu na sani. Amma wannan karon shirunku ba zai amfane ni ba. Idan daidai ne ku ce daidai ne, idan kuskure ne ku ce kuskure ne, kafin Alhamis.”

Saura kwana biyar.

Yayarka

Talata, 18 ga wata

Yaya,

A gurguje nake rubutu daga barandar asibiti. Jaririya ta fara shan nono ta bututu, uwar tana takawa. Mun gode da addu'a.

Na san kina gani, amma bari in fassara miki don kada a sake. Biyu sun rubuta sun yarda. Waɗannan su ne ƙuri'u. Sauran wasiƙu tara da kika gani a ƙarƙashin taki ba ƙuri'u ba ne, amma ki buga su duka a takarda. Masu tsaron sito ne irinki daga wurare daban-daban, ban taɓa ganin sunan ko ɗaya a zauren ba. Ɗaya ya ce shekara uku yana rubuta ranar ƙarshen wata da hannu a jikin katan. Wata ta ce ta taɓa ƙoƙarin faɗa mana, rajista ta kore ta. Na karanta tata sau uku.

Saura Dattijo. Bai ce ya yarda ba, bai ce ya ƙi ba. Ɗazu ya aiko layi ɗaya, tambaya ce gare ki: me ya sa kika janye da farko? Ban san me yake nufi da ita ba. Shekara tara na san shi, ban taɓa ganin ya tambayi mutum abin da ba na manhaja ba. Ina tsoron ko dalilin ƙi yake nema. Ina ta rubuta masa wasiƙa ina gogewa, don idan na sa baki zai iya cewa an karya ƙa'ida, komai ya rushe.

Ki amsa masa yau, da gaskiyarki, yadda kika iya. Ba ni da wata dabara da ta wuce wannan.

Auta

Lahadi, 7 ga sabon wata

Auta,

Assalamu alaikum. Gwaggo ta ce an sallamo ku, jaririya ta fito daga kwalba har tana tsala kuka maƙwabta na ji. Alhamdu lillahi. Ka ce wa ƙanwata ina nan tafe idan gwiwa ta bari. Ka yi haƙuri, ranar kwamiti a waya na ce maka kawai an gama, na kashe. Ba na iya magana a lokacin. Ga bayanin.

Amsar da na ba Dattijo gajera ce. Na ce, “Na janye ne don ba wanda ya ce ya gani.” Ranar Laraba da la'asar, ina zaune a shagon, tasa ta shigo. Ka gan ta, amma bari in faɗa maka inda ya taɓa ni. Bayan ya ce ya yarda, ya ƙara da cewa shi ya rubuta layin nan da hannunsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuskuren nasa ne, kuma ma'aikaciyar da ta gyara shi ta yi daidai. Ban tsammaci haka daga mutumin da ya rufe ni cikin minti arba'in ba. Na kuma ga sanarwar da ya fitar bayan nan, cewa ba za a mayar da rajista ba, kuma kowane mako mutum ɗaya zai ɗauki nauyin amsa wa duk baƙo cikin kwana ɗaya, ya gaya masa an gani, ya gaya masa zancen kwana bakwai. Ka ci faɗanka, ina taya ka murna.

Kwamiti mutum huɗu ne, a ɗakin taro mai dogon tebur. Na ajiye takarda goma sha biyu a gabansu. Mai duba ya karanta ta Dattijo, ya karanta ta matar nan da rajista ta kora, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya tambayi shugabar asibiti katan nawa aka ƙona a shekara biyu, ta ce sai an duba. Bai sake kallona ba har aka tashi.

Tuhuma biyu ce ashe. Ta farko, bai wa jama'a lalataccen magani, sun wanke ni, a rubuce, da sa hannun su huɗu. Shugaba ta manna kwafi a allon sanarwa na baranda, daidai saman bencin. Ta biyu, taɓa kwamfutar aiki ba izini, ta tabbata, kuma ban musa ba. Ba su kore ni ba. Sun mayar da ni ɗakin kati, inda ake rubuta sunayen marasa lafiya, sun kuma rubuta cewa kada in sake shiga sito. Makullin yana hannun wata abokiyar aikina, mutuniyar kirki, ni na koya mata aikin.

Abin da na roƙa na samu, sunana ya fita. Ina godiya ga Allah, ina gode maka. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, da ciwo. Kullum da safe ƙafata sito take nufa, sai na tuna in karkata.

Ranar Alhamis da ta wuce takarda ta zo daga ofishin mai duba, cewa duk asibitoci su sabunta manhajar. Abokiyar aikina ta sabunta, sai ga ta a tagar ɗakin kati tana cewa in zo in gani. Katan goma sha ɗaya da aka ware za a ƙona sun koma kore. A ƙasan allon kuma, inda ake jera abin da aka gyara, ga sunana da na mahaifina. Ta ce in shigo in duba da kyau, ba kowa. Na ce a'a, an rubuta. Na tsaya a bakin ƙofa, ta juyo mini da allon, na karanta daga nan.

Yayarka ta ɗakin kati